Kun karanta faɗuwar Laura, ba ku karanta komawar Lizzie ba

Ƙannena ɗalibai, abin da na gani shekaranjiya ne ya hana ni shiru. Na tarar da wasu 'yan sashen Turanci a gindin darbejiya suna bitar jarrabawa, waƙar Christina Rossetti mai suna Goblin Market ce a gabansu, wadda aka buga a Landan a 1862, zamanin Sarauniya Biktoriya. Ana cikin haka sai wata ta miƙa wayarta, aka shiga zagayawa da hoton wata 'yar ajinsu da aka ce ta yi abin kunya. Sai shewa. Har wani ya ce, "Ai ga Laura ɗinmu nan, ta sha 'ya'yan itace." Wallahi raina ya ɓaci. Waƙar da ke buɗe a kan cinyoyinku tsawatarwa take yi a kan wannan halin, amma kuka mai da ita sandar dukan wadda ta faɗi.

Ku koma ku karanta ta da kyau, ku ajiye wannan taƙaitawar da kuke kwafowa a intanet daren jarrabawa, wadda ita ma wata cuta ce da ta kashe karatu. 'Yan'uwa biyu ne, Laura da Lizzie. Safe da yamma dodanni 'yan talla suna kiran a zo a sayi 'ya'yan itace, wani da fuskar kyanwa, wani yana jan ciki kamar dodon koɗi. Laura ba ta da kuɗi, sai ta biya da silin gashinta, ta sha har ta ƙoshi. Daga ranar ba ta ƙara jin kiransu ba, ga ƙishirwar abin tana cin ta, ta rame, gashinta ya yi furfura. Haka Shaiɗan yake, da ya ɗanɗana maka sai ya juya baya. Kwaɗayi mabuɗin wahala, wannan kun gane shi sarai, shi ne ma kuke wa dariya.

To ina sauran waƙar? Lizzie ta san labarin Jeanie, wadda ta sha ta mutu, ko ciyawa ta ƙi tsira a kabarinta. Duk da haka ta ɗauki kwabon azurfa ta tafi wurin dodannin don ta sayo wa 'yar'uwarta. Suka ce sai dai ta zauna ta ci a gabansu, ta ƙi. Suka doke ta, suka yakushe ta, suka yi ta dagargaza mata 'ya'yan itacen a fuska, ita kuwa ta datse bakinta gam. Da wannan ruwan da ke zuba a jikinta ta komo gida, Laura ta sha, ya yi mata ɗaci kamar maɗaci, ta kwana tsakanin rai da mutuwa, gari ya waye ta farfaɗo. Masana da yawa suna ganin siffar sadaukarwa ta aƙidar Kirista a nan, domin Rossetti mabiyar cocin Angilika ce mai riƙo ƙwarai. Aƙidarta daban, tamu daban. Amma mu ma an gaya mana dukkan ɗan Adam mai kuskure ne, mafi alherin masu kuskure su ne masu tuba, kuma wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa.

Rossetti ba a baki kawai ta tsaya ba. Daga 1859 ta yi shekaru tana aikin sa-kai a wani gida a unguwar Highgate da ake karɓar matan da jama'a suka yi wa tambarin lalacewa, ana koya musu sana'a. Ku kuwa me kuka yi wa taku? Kun tura hotonta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Nawa ne a cikinku za su yarda a buɗe wayarsu a bainar jama'a? Ga masu caca ta waya, ga masu shan maganin tari, ga masu satar amsa, duk suna cikin masu shewar. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ku ji tsoron Allah, ku nemi 'yar ajin nan taku, ko sallama ce ku yi mata. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Da muna yara, in irin wannan ta faru a unguwa, sai dai ka ga gwaggon yarinya ta zo da asuba da lulluɓinta, ta tafi da ita garinsu. Manya sun sani, amma ba mai ɗaga maganar, yaro kuwa in ya tambaya sai a daka masa tsawa. Bayan shekara biyu ka ji an ɗaura mata aure, ta dawo suna da goyonta, ana gaisawa da ita kamar kowa. Shekaranjiya na ƙirga, mutum tara ne a gindin bishiyar nan, wayar ta bi hannun kowannensu, ba wanda ya kife ta.