Wahayi Ba Na Mawaƙa Ba Ne

Abin ya fara isata. Kusan kullum sai ka ci karo da labari a intanet wai mawaƙi kaza ya samu "wahayi" daga mahaifiyarsa, ko tela ta samu "wahayin" sabon ɗinki a kasuwar Kwari. An ɗauki kalmar Turanci inspiration an jefa wa manhajar fassara, abin da ta tofo aka manna, edita ko kallo bai yi ba.

Ita wannan kalma ta inspiration daga Latin ta fito, inspirare, wato hura numfashi a cikin abu. Ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci wajen shekarar 1300, lokacin tana nufin abin da Ubangiji ke hurawa a zukatan marubutan littafi mai tsarki. Turawa suka yi ta jan ta har ta saki: likitansu da ita yake kiran shaƙar iska, mai tallan sabulu ma da ita yake tallarsa. Wannan ruwansu.

Mu ba mu taɓa cakuɗa abubuwan ba. Wahayi na annabawa ne, Mala'ika Jibrilu ke kawo shi, kuma an rufe ƙofarsa. Ɗan makarantar allo ma ya san haka. Abin da ke faɗo wa mawaƙi a zuciya da tsakar dare, ya tashi yana laluben biro, sunansa ilhama. Larabci ce, tushenta na nufin haɗiya, abu ne aka haɗiyar da kai ba tare da ka nema ba. Sau ɗaya fi'ilinta ya zo a Alƙur'ani, a Suratus Shamsi aya ta 8, inda aka ce an yi wa rai ilhamar fajircinsa da taƙawarsa. Kenan kowane rai na da rabo a ciki, nagari da mugu, kuma mafi yawan malaman usulu, wato masana tushen fiƙihu, ba sa kafa hukunci da ita.

Masu kare kuskuren za su ce ai Suratun Nahli ta ambaci wahayi ga ƙudan zuma. Wannan ma'anarsa ce a Larabci, ba ita tsohuwa ke ji ba in an ce wahayi a rediyo.

Ganganci ne zalla a riƙa laƙaba wa yaro mawaƙi siffar annabta a ƙasar da kalma ɗaya kan tada fitina, don kawai wani ya ji ƙyuyar tunani na minti biyu. Editoci su zauna su tsayar da magana. Inda ake nufin ilhama a ce ilhama, inda zaburarwa ce ko koyi da wani a faɗa haka.