Amsa-amon Sunan Mace Ba Wasali Kaɗai Ba Ne

Wani ƙanena a Tudun Wada ya kawo mini baitocin da ya tsara wa budurwarsa, Amina, kafin ya kai su sutudiyo. Ɗangogin, wato layukan baitocin, sun ƙare da Amina, fara, tafiya, kuka. A ganinsa tunda duk da "a" suka ƙare, amsa-amo ya zauna. Samari da yawa haka suka ɗauka.

A rubutacciyar waƙar Hausa, ƙafiya, wato amsa-amo, gaɓar ƙarshe ce, baƙi da wasalinsa tare. Amina tana neman "na": rana, suna, ƙauna, gona, zauna. Na ce masa, "Kai da kake Kaduna, ai garinka ma ya ba ka ɗaya kyauta."

Wasu sunayen akwai wuyar sha'ani. Hadiza na jawo maza da gaza, sai kuma kaza, wadda ba na ba kowa shawarar ya jera ta da sunan masoyiyarsa. Zainab da Maryam da baƙi suka ƙare, shi ya sa ake mayar da su Zainabu ko Abu, Maryama ko Mairo, a samu wasalin da murya za ta ja.

Kuma ba dole sunan ya faɗo a ƙarshe ba. A baiti mai ƙwar biyar, ɗango huɗu na farko suna da nasu ƙaramin amsa-amo, na biyar ke riƙe da babban da ke ratsa waƙar duka. In sunan ya ƙi, a sa shi farkon ɗango.