Barkono Goma

ALHAJI BAKANO: Nan ne wurin? Yaro, dube ni da kyau. Dila arba'in na ɗaure yau a kasuwar Pratunam ta nan Tailan, ka rasa inda za ka ajiye ni sai kan kujerar roba a bakin kwata?

ƊALIBI: Ranka ya daɗe, a Bankok duk inda ka ga kujerar roba da teburin ƙarfe, 'yan gari sun yi layi, to nan abinci yake. Akwai wata tsohuwa Jay Fai, a buɗaɗɗen shago take suyar ƙwai da ƙaguwa, da tabarau irin na masu walda a fuskarta, amma tun ƙarshen 2017 Michelin suka ba ta tauraron da suke ba gwanayen girki.

MALAM BAZAZZAGI: Michelin masu taya?

ƊALIBI: Su fa, Malam.

ALHAJI: To ni ba faci na zo yi ba.

MALAM: Ni duk ba wannan ba. Tambayata guda ce tak. Halal ne?

Tambayar Malam guda, wanda ya san shi ya sani, tana tafe da 'ya'ya da jikoki.

ƊALIBI: Malam, dubi Inna mai abincin, ga mayafinta. Ga wata da tauraro a jikin allonta, ga koren tambarin majalisar Musulunci ta ƙasar. Masallacin Darul Aman ma ga shi nan cikin layin.

MALAM: Wa ya yanka kazar?

ƊALIBI: Musulmi.

MALAM: Ya fuskanci gabas?

ƊALIBI: Da ya fuskanci gabas ai da ya ba alƙibla baya. A nan yamma ake kallo, Makka tana yamma da mu.

Malam ya yi shiru. Ya fara lissafi da yatsu a ƙarƙashin tebur.

ALHAJI: Kai, Bazazzagi! Kar dai ka ce mini tun da muka sauka, Japan kake kallo kana kabbara? Birnin ilimi! Kibiyar da aka manna a silin ɗin ɗakin otal, ka zaci ado ce?

MALAM: Na zaci hanyar gudu ce in gobara ta tashi. Kuma kai da kake bina sallar, ina idonka yake?

ALHAJI: Laifin mamu yana wuyan liman. Yaro, mene ne wannan a kan tebur? Takardar banɗaki? A wurin cin abinci?

ƊALIBI: Da ita ake goge hannu a irin waɗannan wurare.

ALHAJI: Ɗauke mini ita. Ni da hankicina ɗan Dubai. Waɗannan kwalabe huɗun fa?

ƊALIBI: Garin barkono, ruwan kal da barkono, romon kifi mai gishiri, sai sukari. Kowa ya gyara kwanonsa yadda yake so.

MALAM: Sukari a miya? Allah mai iko. Shi ya sa ba sa faɗa a titi.

Aka kawo wa Malam shinkafa rawaya da cinyar kaza, wadda suke kira khao mok kai, abincin Musulmin ƙasar. Aka ajiye kwanon miyar tom yam a tsakiya, tana tururi, da gasasshiyar kaza, da ɗan kwando cike da shinkafa mai danƙo. Kowa cokali da cokali mai yatsu, babu wuƙa.

ƊALIBI: Mai yatsun ba a kai shi baki, tura abinci yake cikin cokali. Ita mai danƙon kuwa da hannu ake cinta, a dunƙula a dangwala.

ALHAJI: Da hannu? To ka ga mutanen kirki. Wai wannan ce shinkafar da muke saye a buhu?

ƊALIBI: A'a, wadda suke turo mana turararriya ce. Su mai ƙamshi suke ci, hom mali.

ALHAJI: Ka ji! Su ci mai ƙamshi, su turo mana ta jigila. Tun da aka rufe iyaka a 2019 ma, buhunsu ya fi shinkafarsu yawa a Kano. Buhu ɗan Tailan, shinkafa 'yar Kura, tsakuwa kyauta.

MALAM: Kai ka sani, tunda ƙaninka ne ke ɗinke bakin buhun.

ALHAJI: Sana'a sa'a. Tsaya, daka nake ji. Me ake kirɓawa a turmin can?

ƊALIBI: Som tam ke nan. Ɗanyar gwanda ce ake yankawa siri-siri, a daka da tafarnuwa, tumatir, lemon tsami, gyaɗa, busasshen jatan lande, da barkono. Amma Alhaji, ka bar shi. Ga kaza.

Kuskuren yaron ke nan. Bakano ba a ce masa "bar shi". Da ya ce tsada gare shi, da an zauna lafiya.

ALHAJI: In bar shi saboda me?

ƊALIBI: Yaji. Inna ma tambaya take, barkono nawa za a sa. Ƙirgawa ake yi.

ALHAJI: Su 'yan gari nawa suke sawa?

ƊALIBI: Uku, huɗu. Baƙo ɗaya, wani ma rabi.

ALHAJI: Goma.

ƊALIBI: Ranka ya daɗe, ƙananan nan ne fa, 'yan mitsi-mitsi, sun fi tsiduhu mugunta.

ALHAJI: Yaro, da yajin tsire aka yaye ni. Na sha farfesun Yarabawa a Sabon Gari, mai abincin da kanta ta tafa mini. Attaruhu nake gatsa in ina jin barci a kanti. Kano fa aka ce maka, ko da me ka zo an fi ka. Barkono ai namu ne.

ƊALIBI: Gaskiya daga nahiyar Amurka ya fito. Turawan Fotugal ne suka kawo shi nan wajen ƙarni na 16.

MALAM: Ka ji ilimi.

ALHAJI: To Turawan ta ina suka biyo? Ta kasuwar Kurmi. Faɗa mata goma.

Ɗalibi ya faɗa. Inna ta ajiye taɓarya ta dubi Alhaji, ta dubi babbar rigarsa da hularsa, ta sake tambaya. Alhaji ya ɗaga yatsu goma har da karkaɗawa. Masu acaɓa biyu da ke cin taliya a teburin gefe, da rigunansu ruwan lemo, suka juyo da kujerunsu. Ba kullum ake samun kallo kyauta ba.

ALHAJI: Bismillah. Mhm. Ka ji zaƙi ma. Wannan ne abin tsoron? Ai kwaɗon yara ne. Bazazzagi, miƙo hannu ka... ka...

MALAM: In me?

ALHAJI: Ba komai.

MALAM: Ka tsaya a tsakiyar magana.

ALHAJI: Tunani nake.

MALAM: Kunnenka ya yi ja.

ALHAJI: Hula ce ta matse.

MALAM: Alhaji, hawaye nake gani.

ALHAJI: Hsss. Marigayi Baba na tuna. Yana son gwanda.

MALAM: Baban da muka gaisa da shi ranar Juma'a a Fagge, yana cin ɗanwake?

ALHAJI: Babansa nake nufi.

MALAM: Wanda ya rasu kafin a haife ka.

ALHAJI: Shi ya sa abin ya fi ciwo. Hsss. Kuma fankar nan tana hura mini ido.

MALAM: Fanka kam tana aiki. Tun da muka zauna nake jira a ɗauke wuta in ji kamar ina gida, shiru. Mai tebur a bakin titi da ƙwai huɗu da firji, babu janareta. Mu kuwa sai takardar biya ke zuwa a kan lokaci.

ALHAJI: Ka ga wani abin kukan ke nan. Ga kuma canjin dala.

MALAM: Wannan kam na yarda. Yi kukanka, in na gama kazata zan taya ka.

ƊALIBI: Alhaji, a kawo wani abu mai sanyi?

ALHAJI: Wa ya ce maka ina jin zafi? Miƙo miyar can in kurɓa.

ƊALIBI: Ita ma da...

Ai kafin ya rufe baki Alhaji ya kai cokali uku. Tom yam kuwa tsami ne da yaji, ga ta da zafin wuta. Kashe gobara da kananzir ke nan. Ya haɗa da wani guntun itace yana tauna da jarumta.

ƊALIBI: Wannan ba a cinsa. Saiwa ce dangin citta, da ciyawa mai ƙamshin lemo, da ganyen lemo. Don ƙamshi ake sa su, a ture gefe.

ALHAJI: Na sani. Asuwaki nake.

Hankici ɗan Dubai ya jiƙe sharkaf, an matse shi sau biyu ya yi murabus. Hannun Alhaji ya fara tafiya a hankali a kan tebur, shi kaɗai, ba da sanin mai shi ba, har ya isa inda aka tura takardar banɗaki.

MALAM: Au, ta zama halal?

ALHAJI: Ingancinta nake dubawa. Ina tunanin yin odar kwantena. Yaro, wancan jan abin da yaran can ke sha a kofi da ƙanƙara fa?

ƊALIBI: Cha yen, shayi ne mai sanyi da madarar gwangwani. Shi ne ma daidai, don ruwa ba ya kashe yaji, sai madara da sukari da shinkafa.

ALHAJI: Ni ba don yaji ba. Shago nake so in buɗe a titin gidan zu, dole in san kaya. Kawo ɗaya. Kawo biyu, a gwada bambanci.

MALAM: Bambancin me? Tulu ɗaya aka zubo su.

ALHAJI: Kai malami ne, me ka sani a kasuwanci? Kawo na uku.

Na huɗu ya bi, na biyar ya bi. Leɓen Alhaji ya kumbura har magana ta fara fita da wata irin Hausa da ba a taɓa ji ba ko a Gaya. Masu acaɓa suka ɗaga masa babban yatsa, ɗaya ya ce wani abu, suka fashe da dariya.

ALHAJI: Me ya ce?

ƊALIBI: Cewa ya yi kai jarumi ne.

Ba haka ya ce ba. Tambaya ya yi ko a kira motar asibiti. Amma yaron yana sa ran Alhaji zai ba shi na kati, kuma tafinta mai hankali ya san abin da ake bari a hanya.

ALHAJI: Ka gaya masa wannan somin taɓi ne. A gida da cokali nake shan yaji. Bazazzagi, ka ci mana. Ko tsoro?

MALAM: Ni a Malikiyya duk abin da ya fito daga ruwa halal ne, jatan lande da ƙaguwa ba su dame ni ba. Amma jefa kai cikin halaka, wannan babu saɓani a kansa. Ka ci abinka. In ka cika, na san dai yanzu inda zan fuskantar da kai.

ALHAJI: Mutumin da fate ya raina, me ya sani da abinci mai tauna?

MALAM: Af, ka tuna mini. Yaro, wancan da na hango a tire, ba kabewa ba ce?

ƊALIBI: Ita ce. Ana rarake cikinta a zuba ƙwai da madarar kwakwa da sukari, a turara.

MALAM: Allahu akbar! Alhaji, ga 'yar'uwarku ta riga ku zuwa. Tashi ku gaisa. A kawo masa yanka biyu, ko ya ji ƙamshin gida hankalinsa ya dawo.

ALHAJI: Ba na ci.

Ya ci. Ya cinye yanka biyun, ya kankare ɓawon, ya ce don kar a yi almubazzaranci ne. Sannan ya ture farantin som tam, saura kusan rabi, ya gyara hula.

ALHAJI: Alhamdulillahi. Na bar sauran ne saboda sunna, ba a cika ciki. Yaro, ka rubuta a wayarka, ka tura wa mutanen Kwari: Alhaji ya ci barkono goma a Bankok yana murmushi.

Inna ta zo kwashe kwanuka. Ta dafa ƙirji, ta ɗan rusuna, ta yi wa Ɗalibi magana a hankali.

MALAM: Me ta ce?

ƊALIBI: Ba komai, gaisuwa ce.

MALAM: Yaro, ka ji tsoron Allah. Na ga ta nuna yatsu uku.

ƊALIBI: Wai... a yi haƙuri. Ta ga dattijo ne, kuma baƙo, ta ji tausayi. Uku ta sa.

Malam ya ajiye cokali. Ya cire tabarau ya ajiye. Ya nemi wuri mai tsabta a kan tebur ya kifa kai, kafaɗunsa suna rawa.

ALHAJI: Uku?

ƊALIBI: Ta ce na ukun ma ƙarami ne.

ALHAJI: Ƙarya ne! Ni da na ci na san goma ne. Harshena sikeli ne.

ƊALIBI: Ga sauran bakwan can a gefen turmi, ta ware.

ALHAJI: To ka ga ha'inci! Na yi odar goma a ba ni uku? A Kwari ka biya yadi goma a yanka maka uku, ai sai an je gaban sarkin kasuwa. Nawa ne kuɗin ma?

ƊALIBI: Som tam bat 60, a kuɗin ƙasar. Shayi kofi bakwai, bat 210.

ALHAJI: Bakwai? Biyar na sha.

MALAM: Biyu ka sha da ido a rufe, lokacin da kake kiran sunan kakanka.

ALHAJI: Ta rage kuɗin barkono bakwai.

ƊALIBI: Ba a sayar da shi, Alhaji. Ko ɗaya ko ashirin kuɗin ɗaya ne. Kuma ba a ciniki a wurin abinci.

ALHAJI: Ƙasar da ba a ciniki ai ba ƙasa ba ce. To ta ƙulle mini bakwai ɗina a leda, haƙƙina ne.

ƊALIBI: Ko a daka maka wani farantin da su yanzu? Ta ce ba ta karɓar ko sisi.

ALHAJI: Yanzu? A'a. Ina da... likita ya hana ni gwanda bayan la'asar. A leda dai. Kano za su.

MALAM: Ka kai wa Hajiya tsaraba?

ALHAJI: Hajiya me ta yi mini? Akwai dai wani bawan Allah da ke tasowa tun daga Zariya, bai taɓa yin sallama a gidana ba sai daidai an sauke tukunya.

MALAM: Yaro, tambayar mini Inna, shayin nan ana samunsa na gari, wanda mutum zai iya tafiya da shi a aljihu?