Wai Horgan ba gwarzo ba ne don bai ci All-Ireland ba?

Jiya a wurin aiki wani bawan Allah ya ɓata min rai wallahi. Muna shan shayi ana hirar Patrick Horgan, ɗan wasan hurling (wasan Ailan da ake buga ƙwallo da sanda) na yankin Cork, sai ya ce wai duk surutun da mutanen Cork suke yi, mutumin ko lambar All-Ireland ɗaya ba shi da ita, wato babbar gasar da yankunan Ailan ke fafatawa, don haka a daina sa shi layin manya. Sannu masani! Wanda ko sandar hurling bai taɓa riƙewa ba shi ne zai raba mana gwaraza.

Matsalar ku duk kun saba da ƙwallon Firimiya, inda ɗan wasa idan ya ga ƙungiyarsa ba ta cin kofi sai ya tattara komatsansa ya koma inda ake ci, shi kenan ya zama gwarzo. To a nan Ailan ba a yin haka malam. Inda aka haife ka nan za ka buga, ba albashi, ba ciniki, da safe ka tafi aikinka da daddare ka je atisaye cikin ruwa da sanyin nan mai shiga ƙashi. Horgan ɗan Glen Rovers ne, kulob ɗin da shahararren ɗan wasan hurling Christy Ring ya buga wa, a arewacin birnin Cork, kuma tun 2008 yake sa jar rigar Cork har 2025 da ya ajiye. Ina zai je? Yankin Kilkenny mai yawan cin kofi ne zai saye shi?

Sau huɗu yana zuwa wasan ƙarshe na All-Ireland. A 2013 shi ya sa Cork gaba ana dab da tashi, kofi kamar ya zo hannu, sai wani ɗan baya na Clare, Domhnall O'Donovan, ya taso daga can ya farke, aka sake wasa Shane O'Donnell ya zura uku a raga. Laifin Horgan ne wannan? A 2024 da maki ɗaya tak Clare ta doke su bayan ƙarin lokaci. Na 2025 kam ban son tunawa, an tafi hutun rabin lokaci Cork na gaba da shida, aka dawo maki biyu kacal suka ƙara Tipperary ta yi musu kaca-kaca. Mutum goma sha biyar ne a fili fa, ba shi kaɗai ba.

Za ku ce ai yawancin makinsa bugun tazara ne. To je ka buga mu gani, a filin Croke Park na Dublin gaban mutum sama da 80,000. Ranar da ya yi ritaya babu wanda ya kai shi yawan maki a tarihin gasar, ga lambar All-Star huɗu, wadda ake ba gwanayen shekara.

Ni abin da ya fi taɓa min zuciya ma na kulob ne. Glen sun yi shekara 26 ba kofin Cork, yana cikin waɗanda suka dawo da shi a 2015 suka ƙara a 2016. Da suka faɗa rukuni na ƙasa a 2023 bai gudu ba, da shi aka dawo.

Af, ɗazu na je saya wa yarona sandar hurling, mai shagon ke ce min cuta ta ci itatuwan ash da ake sassaƙa ta da su, yanzu har da gora ake yi. Na yi ta dariya ni kaɗai yana kallona, don ashe an kusa fara ƙwallon gora ta gaske a Ailan. Kuɗinta dai bai ba ni dariya ba.