Man Shafa wa Roba

Duk wanda ya zo sunan ɗan ƙanina ranar Asabar ya ga cewa a robobin lemo aka raba zoɓo, tulun ƙarfen da na yi wata guda ina cika baki a kansa kuwa ko ƙeyarsa ba a gani ba, saboda haka gara in faɗi abin da ya faru da bakina kafin majalisar ƙofar gidanmu ta ƙara masa gishiri.

Tulun irin wanda ake kira Cornelius ne, mai cin lita 19, wanda kamfanonin Pepsi da Coca-Cola suka daɗe suna zuba lemo a cikinsa kafin su koma leda cikin kwali, daga nan ya faɗa hannun masu haɗa abin sha a gida. Turawa giya suke zubawa, ni kuwa zoɓo mai citta da kanumfari na yi niyya, in ɗura masa iskar gas ya riƙa tsartuwa a harshe kamar lemon kwalba. Na same shi a gwanjo a Sabon Garin Zariya, na haɗa silindar gas, na ɗaga allurar agogon awon ƙarfin gas zuwa 30, sai na ji murfin yana huci kamar kumurci. Da na shafa ruwan sabulu, kumfa ta taso a gefen babban zoben murfi, ɗaya daga cikin zobban roba biyar da tulun yake da su. Robar ta bushe, tana buƙatar ɗan mai domin ta zauna daidai.

Bakanikena ya miƙo mini giris a kan yatsa, na ce ba injin Bajaj zan shayar da jama'a ba. Uwargida ta ce in sa man gyaɗa, amma shi yakan lalace ya yi wari, ya kuma yi danƙo. Basilin daga ɗanyen man fetur ake samo shi, kuma yana kumbura wasu nau'o'in roba. Abin da ake so shi ne man silikon mai alamar NSF H1, wadda ke nuna cewa ba laifi idan ɗan kaɗan ya taɓa abinci. Ban san wane shaiɗani ne ya raɗa mini cewa duk abin da ba ya cutar da ciki a kemis ake sayar da shi ba.

Kemis ɗin nan na Tudun Wada da kuka sani na shiga bayan sallar la'asar, lokacin da ya cika maƙil. Na jingina da kanta, na ce wa yaron, da muryar da nake koyarwa da ita a aji: "Malam, ina neman man da ake shafa wa roba domin ta yi santsi, amma wanda ko ya shiga baki ba zai yi illa ba." Na lura wata mata ta ja mayafinta ta matsa gefe, na ɗauka hanya take ba ni. Yaron ya sunkuyo, ya tambaye ni a hankali ko na ruwa nake so ko na silikon. Wallahi daɗi ya kama ni, domin kwana uku ke nan ina yawo a Zariya ban haɗu da wanda ya fahimce ni ba sai shi. Na ƙara ɗaga murya na ce: "Na silikon mana! Na ruwa ai nan da nan zai wanke, ni kuwa so nake ya daɗe." Ya ce to, amma kada in kuskura in sa basilin, domin yana cinye roba. Na ce na sani sarai, har uwargida ta kawo shawarar man gyaɗa na ƙi. Sannan, domin ya gane gaggawar al'amarin, na ƙara da cewa ranar Asabar za a yi amfani da shi, kuma mutanen suna da yawa.

Shagon ya yi tsit, har ƙarar fanka ana ji. Yaron ya naɗe wani kwali a baƙar leda ya turo mini ta ƙarƙashin hannunsa, ni kuma na biya, na kwance ledar a gaban kowa domin in duba alamar H1. Babu alamar. Abin da ke jikin kwalin ba zan bayyana shi a nan ba, illa dai a daidai lokacin ne na tuna da ɗaya abin da Hausawa suke kira roba, kuma a daidai lokacin ne na ji gyaran murya a bayana.

Baba ne, aminin surukina, wanda ya yi waliccin aurenmu, yana zaune a benci hannunsa cikin na'urar awon jini. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce: "Ɗana, ya iyali?" Na ce lafiya lau. Ya ce: "Madalla. Ya kuma shirin Asabar?" Na shiga bayani ina haɗa gumi, cewa robar tulu ce, tulun da Turawa suke zuba giya a ciki. Ya ce: "Giya kuma?" Mai awon ya dubi na'urarsa ya ce sai an sake, adadin ya hau.

Duk wannan zan iya haɗiyewa, domin Baba dattijo ne mai rufin asiri. Wanda ba zan yafe wa ba shi ne mutumin nan na bayan layinmu, wanda ya zo sayen maganin mura ya tsaya har aka gama, yana dariya yana dukan kantar shagon. Mutumin da na ranta wa naira dubu huɗu tun babbar sallar bara, wanda duk ran da ya hango ni sai ya kara waya a kunne ya shige lungu, ranar nan shi ne ya dafa kafaɗata yana cewa in yi a hankali, shekaru sun fara ja. Da ya ce ba shi da kuɗin da ya fi, amma na gan shi da idona ya sayi sabuwar hula zanna bukar. Kafin in isa gida labarin ya riga ni zuwa wurin mai shayi, kuma a can mutanen Asabar ɗin sun kai ɗari.

Washegari wani mai injin askirim a wajen PZ ya matso mini ɗan farin man da yake shafa wa zobban injinsa, ga alamar H1 ɓaro-ɓaro a jikin mazubin, ko kwabo bai karɓa ba. Na wanke zoben, na shafa siririn mai yadda ya kamata, na rufe murfi, na buɗe gas. Ya ci gaba da huci. Ashe zoben tsagewa ya yi ta ciki, tsagar da ba mai a duniya da zai toshe ta, silindar kuma ta ƙare a wajen gwaji.

A wurin suna an miƙa wa Baba zoɓo, ya jujjuya robar a hannunsa, ya ce a kawo masa ruwa. Na aika a nemo mini sabon zobe daga Kano, har yanzu bai iso ba. Baƙar ledar tana nan a ƙarƙashin sirdin babur, domin na rasa inda zan jefar da ita ba tare da wani ya gan ni ba.