Ranar da Aka Ceto Ni Ban Ɓata Ba

A ƙarshen watan Maris, lokacin da rana ta dawo sararin Tromso, birnin da ke arewacin Norway, da ƙarfinta bayan dogon duhun hunturu, abokan karatuna 'yan Norway suka gayyace ni tsaunukan Lyngen domin mu huta da wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Muka tafi a mota har Breivikeidet, muka shiga jirgin fito ya tsallaka da mu mashigin teku na Ullsfjord zuwa Svensby cikin kamar minti 20. Tsaunukan nan daga bakin ruwa suke tashi, fari fat, kuma mafi tsawonsu, Jiehkkevarri, ya kai mita 1,834. Mu dai Rornestinden muka nufa, kusa da garin Lyngseidet, wanda ya ɗan haura mita 1,000, kuma abokaina suka tabbatar mini cewa na yara ne.

Na yi ta dube-dube ina neman motar igiya da ke ɗaukar mutane zuwa sama, irin wadda ake gani a talabijin, sai aka shaida mini cewa a wannan wasa ƙafar mutum ita ce motarsa. Ana manna wani dogon ƙyalle mai gashi a ƙarƙashin allunan zamiya da ake ɗaurawa a ƙafa, gashin yana kwance ta baya, saboda haka allon yana sulalewa gaba amma ba ya komawa da baya. Ana sake diddigen takalmi, mutum ya riƙa jan ƙafa har ya kai ƙololuwa.

Kafin a fara hawa, jagorarmu, wata mata marar yawan magana, ta ba kowa shebur, da doguwar sanda mai naɗewa, da wata na'ura da ake ratayawa a ƙirji ƙarƙashin riga. Ta bayyana cewa idan dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne mutum, na'urarsa ce za ta riƙa aika sigina, sauran kuwa su juya tasu zuwa nema, domin bayan minti 15 na farko damar fito da shi da rai tana raguwa ƙwarai. Daga nan ta binne wata jaka da na'ura a ciki, ta ce mu gwada.

Kowa ya juya maɓallinsa, ni ma na tura hannu mai safa biyu cikin rigunana na murɗa abin da yatsuna suka taɓa. Na'urori suka fara ƙara, jama'a suka sunkuyar da kai suna bin kibiyar da ke nuna musu hanya, sai na ga duk sun doso inda nake tsaye. Saboda ladabi na matsa gefe na ba su hanya, sai suka karkato. Na ƙara matsawa, suka ƙara karkatowa. Da na ɗaga ƙafa su ma suka ɗaga, har abin ya koma kamar an yi wa ɓarawo ihu a Kasuwar Kurmi, sai dai su waɗannan ba su ɗago ido sun dube ni ba ko sau ɗaya. A ƙarshe suka kewaye ni da sanduna, wani ƙato ya durƙusa ya fara haƙa a tsakanin ƙafafuna da iyakar ƙarfinsa. Jagora ce ta zo ta dakatar da shi, ta yi ta zuge rigunana ɗaya bayan ɗaya kafin ta isa ga na'urar, wadda ke ta aika sigina abinta. Jakar da aka binne kuwa, da mutum ce, da tuni an fara karɓar gaisuwa.

Hawan kansa zufa ce zalla. Su suna sanye da siririyar rigar ulu, ni kuwa na yi shirin wanda zai kwana a firji. Inda gangare ya yi tsanani ba a miƙewa sak, ana tafiya ne a karkace, kuma a kowace kwana sai mutum ya ɗaga ƙafa ɗaya da allonta ya juya ta gaba ɗaya, sannan ɗayar ta biyo. Tawa ta farko ta juya lafiya, ta biyun ta ƙi, na tsaya ƙafa ɗaya tana kallon teku ɗaya tana kallon Finland. A haka wani yaro da bai wuce shekara goma ba ya zo ya gaishe ni cikin girmamawa, ya wuce.

A ƙololuwa, gaskiya, teku shuɗi shar yana shimfiɗe a ƙasa, kuma ban taɓa ganin irinsa ba. Aka fito da guzuri: lemo, da cakulan Kvikk Lunsj, da burodi mai jan cuku. Da na ɓare ƙyallen daga allona, iska ta kwashe shi ta manna mini gefen mai gam a gemu, kuma cire shi ya ɗauki mutum biyu da salati mai yawa. Abin da muka shafe sa'o'i muna hawa, abokaina suka sauke shi cikin 'yan mintoci suna shewa. Ni na sauko ne kashi-kashi, wani wuri a tsaye, mafi yawa a kwance.

Da dare na kira gida na ba mahaifiyata labari. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To, me kuka samo a can saman?" Na ce, "Lemo muka sha, Inna." Ta ce, "A can yake fitowa?" Na ce, "A'a, da shi muka hau." Sai na ji ta miƙa wa yayana wayar tana cewa ya lallaɓa ya tambaye ni adireshin da za a aiko mini da rubutun sha.