Na tambayi mai magani, ya tura ni wurin masu shinkafar ɓera

Ranar Juma'ar nan a kasuwar Wudil aka tara mini jama'a kamar na saci akuya, alhali tambaya kawai na yi.

Kawuna ne a kwance, ƙafafu sun kumbura, fitsari sai ɗigo-ɗigo. Likita ya ce ƙoda ta taɓu, ya tambayi me yake sha a gida. Muka zaro gorar roba daga ƙarƙashin gado, cike da wani baƙin jiƙo, ba suna ba kwanan wata, wai maganin basir da taifot da sanyi da olsa duk a haɗe. Na ɗauke ta sai gindin motar mai lasifikar da ya sayar masa.

Na yi sallama. Na ce, "Malam, don Allah me da me ke cikin nan? An taɓa gwada shi a kan ɓeraye kafin a ba mutane?"

Ya dube ni daga hula har takalmi. Ko sauke makirfo daga bakinsa bai yi ba. "Jama'a ku zo ku ji ɗan boko! Wai ɓera! Ni maganin 'yan Adam nake sayarwa, in na ɓera kake nema, ga masu shinkafar ɓera can." Aka kwashe da dariya, har da wani dattijo mai gora biyu a hammata. Na haɗiye, na ce to ludayi nawa ne ya wuce ƙa'ida? Ya ce, "Itace ba ya kisa, Allah ke kisa. Matsa, kana tare mini ciniki."

Sannu malamin tauhidi! Zaƙami da ke haukata yara daga sama ya faɗo? Ƙwanƙwanin da maharba ke dafin kibiya da shi fa?

Ni ba maƙiyin gargajiya ba ne, da sabara da tazargade aka raine mu. Amma abin da na tambaya aiki ne da ɗalibai ke yi kullum a jami'o'in Zariya da Kano. A ba ɓeraye tatsattsen ganyen, a ƙara adadi har miligiram 2,000 ko 5,000 bisa kowane kilo na nauyin jiki, a sa musu ido kwana 14. A ɗauki wasu a riƙa ba su kullum kwana 28 ko 90, sannan a ɗebi jini, a duba hanta da ƙoda. Nan ake kama maganin da ba ya kayar da mutum yau, sai ya ci shi a hankali. Ita ma NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, sai da sakamakon irin wannan gwaji take ba maganin gargajiya lamba, kuma lambar ba shaidar yana warkarwa ba ce.

To wa ke zuwa kasuwar ƙauye ya nemi lambar? Mai karɓar haraji dai ba ya makara, yana yanka wa motar nan rasit kowane mako, bai taɓa buɗe gora ya shinshina ba. Binciken jami'a yana kabad yana shan ƙura. Asibitin garinmu ba likita, ba magani, da ƙarfe biyu an garƙame, ina talaka zai nufa in ba gindin lasifika ba? Manya kuwa ko atishawa suka yi sai Masar ko Indiya, mu a bar mu da sayar da gona don wankin ƙoda sau biyu a mako. Ta Kawu ta bakin fadama tuni dillalai suka fara taya ta.